Masana'anta ta ƙi buga sunana a jikin caja, wai wani ya riga ni rajista a Chana

Mai Caja:

Assalamu alaikum 'yan uwa. Ina cikin wani hali, ina neman wanda ya san kan abin ya haska min.

Shekarata tara ina sayar da kayan waya a Farm Centre, Kano: caja, igiyar caji, iyafis, fawa bank. Shekara uku da suka wuce na gaji da kayan da ba su da suna, waɗanda in suka ƙona wa mutum waya ba wanda zai riƙe sai ni da na miƙa masa. Sai na fara sa ana yi min nawa a Chana, ana buga sunana a jiki da kan kwali. Sunan mahaifiyata ne, Allah ya jiƙanta, na gutsure shi ya koma harafi biyar, aka zana min shi da ja. Ita ta sayar da awakinta ta ba ni jarin farko. Ba zan rubuta sunan a nan ba saboda abin da ake ciki.

Alhamdulillahi kaya sun karɓu. Yanzu daga Gusau da Azare ake kirana a ce a turo "mai jan rubutu". Na sha dawo wa mutum da kuɗinsa don kawai kada sunan ya ɓaci.

Makon jiya wakilina ya turo min saƙo cewa masana'antar da muka koma ta ce ba za ta buga sunan ba. Wai sun duba, wani ya yi masa rajista a can a kan irin waɗannan kaya. Ya turo hoton shafin: ga harafi biyar ɗin nan ba ragi ba ƙari, ga lamba, ga rubutunsu na Chana a gefe, ga kwanan wata. Na ƙirga, wata takwas ne bayan odar da na fara yi. Sun ce zaɓi uku ne: a yi kayan ba suna, ko na canza suna, ko na kawo takardar izini daga mai rajistar. Kwali sittin ne, na riga na biya rabin kuɗi.

Tambayata, ina da takardar CAC, hukumar rajistar kamfanoni ta Najeriya, da wannan sunan. Ko caja ɗaya ban taɓa sayarwa a Chana ba. Ta yaya mutumin da bai san ma'anar kalmar ba zai hana ni sa sunan uwata a kan kayana? Kwana huɗu ban yi barcin kirki ba.

Ɗan Gwanzu:

Wa alaikumus salam Alhaji. Allah ya jiƙan Hajiya. Shekarata goma sha ɗaya a nan Chana ina haɗa wa mutanenmu kaya, kuma ba kai ne na farko ba.

Ƙa'idarsu a nan, wanda ya riga shigar da takarda shi ne mai suna. Ba sa fara tambayar wa ya ƙirƙire shi. Akwai mutanen da sana'arsu ke nan, su ga sunan da ake bugawa a kwali ana fitarwa waje, su duba ba shi da rajista, su yi masa, su zauna jiran ranar da za ka zo ka saya a hannunsu.

Har Apple abin ya ci, da duk lauyoyinsu. Akwai wani kamfani Proview, masu ƙera allon kwamfuta, da suka yi wa IPAD rajista a Chana tun 2001, lokacin ba a san da iPad ɗin da muka sani ba. A ƙarshen 2009, kafin Apple su fito da nasu, suka aiko wani ƙaramin kamfani da aka kafa a Ingila mai suna IP Application Development, ya sayi sunan daga reshen Proview na Taiwan a kan fam 35,000, ba tare da ya faɗi wanda ya turo shi ba. Apple suka ɗauka sun gama. Ashe rajistar cikin Chana a hannun reshen Shenzhen take, su kuma suka ce ba su sayar wa kowa ba. Apple suka kai ƙara kotun Shenzhen, a ƙarshen 2011 suka sha kaye. A watan Fabrairun 2012 jami'ai a garin Shijiazhuang suka shiga shaguna suna kwashe iPad daga kanta. Proview, wanda bashin bankuna ya riga ya durƙusar da shi, har ya nemi kwastan su hana shigo da iPad da fitar da shi, ka san kuma a nan ake haɗa shi. Sai a watan Yulin 2012 babbar kotun lardin Guangdong ta sanar an yi sulhu, Apple suka biya dala miliyan 60. Sabon iPad da ya fito a wasu ƙasashe tun Maris bai shiga kasuwar Chana ba sai bayan wannan sulhun.

Ka duba tazarar da ke tsakanin fam 35,000 da dala miliyan 60. Abin da ya jawo ta, ba a tantance sunan wa ke kan takardar ba.

Batun cewa ba ka sayarwa a nan, da a ce shekarun baya ne da hujjarka ta yi ƙarfi, don kotuna sun sha cewa kayan da aka yi don fitarwa kawai ba su keta haƙƙin kowa ba. Amma a 2019 kotun ƙolinsu, a shari'ar Honda da masu haɗa kayan babur don kaiwa Myanmar, ta ce buga suna don fitarwa ma yana iya zama keta haƙƙi. Tun daga nan masana'antu suke tsoro. Idan mai rajistar ya kai sunan wurin kwastan, suna iya riƙe kwantena a tashar ruwa, kuma masana'antar za a fara kamawa. Ba mugunta suke maka ba, kansu suke karewa.

Kada ka kira mutumin da kanka. Yana jin muryarka ya san ka matsu, kuɗin zai ninka.

Yaron Shago:

Oga ka canza harafi ɗaya kawai a wuce wurin. Kowa haka yake yi, masu saye ba sa lura. Ka bar jan kalar yadda take.

Barista:

Malam Mai Caja, kada ka bi shawarar canza harafi ɗaya. Abin da ake dubawa shi ne ko sunayen biyu sun yi kama har mai saye zai ruɗe, a ido ko a kunne. Harafi ɗaya ba ya fitar da kai.

Bari na fara da abin da ya fi damuna a labarinka, wanda ba a Chana yake ba. Takardar CAC rajistar sunan kasuwancinka ce, wato sunan da kake buɗe asusun banki da shi. Ba ta ba ka mallakar sunan a jikin kaya ba. Wannan aikin ofishin rajistar alamun kasuwanci ne da ke Abuja, ƙarƙashin ma'aikatar masana'antu, ciniki da zuba jari ta tarayya. Idan ba ka je can ba, to a Najeriya ma sunan nan a buɗe yake, kuma wanda ya yi maka haka a can ba abin da zai hana shi ko wani ya yi a nan. Ranar da hakan ta faru, kai za a kira mai jabu a kasuwar da ka gina da hannunka. Za ka iya kare kanka da hujjar cewa ka riga shi amfani da sunan, amma shari'a ce mai tsawo da cin kuɗi.

An kasa kaya da ayyuka aji 45, kayan lantarki irin naka suna aji na 9. Za a fara bincike a ga ko wani ya riga ka, a shigar da takarda, in an karɓa a buga a mujallar ofishin, a jira wata biyu ko wani zai yi jayayya, sannan a ba da shaida. Rajistar farko shekara bakwai ce, sabuntawa kuma goma sha huɗu. Ka shigar da kalmar, ka shigar da zanen.

Rajista tana tsayawa ne a iyakar ƙasar da aka yi ta, shi ya sa suna ɗaya kan zama na mutane daban-daban. Ranar 9 ga Janairun 2007 Steve Jobs, shugaban Apple na lokacin, ya nuna iPhone, washegari kamfanin Cisco suka maka Apple a kotu, don sunan nasu ne a Amurka ta hanyar wani kamfani da suka saya a 2000. A watan Fabrairu suka daidaita kowa ya yi amfani da shi. A Brazil kuma kamfanin Gradiente ya nemi rajistar sunan tun 2000, aka ba shi a 2008, a ƙarshen 2012 ya fito da waya mai suna iphone amma Android ce a ciki.

Na Chana, ka samu wakilin rajista na can ya duba maka abu biyu. Ko mutumin yana amfani da sunan da gaske, domin a dokarsu idan rajista ta shekara uku a jere ba a yi amfani da ita ba ana iya neman a soke ta. Da kuma ko yana da alaƙa da masana'antar da ta fara yi maka aiki. Wata takwas ɗin da ka ƙirga ba ƙaramar magana ba ce. Idan aka nuna ya san sunan naka ne ta hanyar hulɗar kasuwanci, akwai ƙofar neman a rushe rajistar. Ka tattara rasit, hoton kwali na farko, saƙonninku da wakilinka, da takardun shigo da kaya.

Ɗan Damagaram:

Salamu alaikum. Ni ina sayar da kayan salula a Zinder, kuma ina kyautata zaton na san kayanka, don mai jan rubutu tana zuwa mana ta Maigatari. Alhaji ka sani takardar Najeriya ba ta aiki a wurinmu. Mu muna cikin OAPI, ƙungiyar rajistar alamun kasuwanci ta wasu ƙasashen Afirka, ofishinsu yana Yaoundé, rajista ɗaya ta game ƙasashe 17, ciki har da Nijar, Kamaru, Chadi, Benin da Togo, shekara goma a sabunta. In kana son kasuwar wannan gefe ta ɗore, ka sa shi cikin lissafi. Ba ma son ranar da duwan za su tare mana kaya su ce na wani ne.

Mai Caja:

Na gode ƙwarai, Allah ya saka wa kowa da alheri. Barista, maganarka ta sanyaya min jiki, don wallahi ban taɓa jin akwai wani ofishi bayan CAC ba. Shekara uku takardar tana rataye a bangon shago cikin gilashi, ina kallonta a matsayin katanga.

Jiya da daddare na zauna na bi tsofaffin saƙonni tun na odar farko. Na samu hoton kwalin gwaji da masana'antar farko ta turo min, da kwanan wata a jiki, da saƙon da na tura musu zanen. Waɗannan ne muka rabu da su bara saboda sun canza min waya a cikin igiya, suka sa siririya, caja ta riƙa zafi. Ba na zargin kowa sai an bincika, amma na adana komai wuri uku.

Ƙanena, na ji shawararka, amma ba zan taɓa harafi ko ɗaya ba. Sunan uwata ne.

Na ce wa wakilina a yi kwali sittin ɗin ba suna, a zuba su a farin kwali. Zan buga takardar mannawa a nan Kano na liƙa da hannu, ni da yaran shago, ko da zai ɗauke mu mako guda. Ranar Litinin in sha Allah zan je wurin lauya a kan na Abuja. Ɗan Gwanzu, zan turo maka lambar rajistar ta akwatin saƙo, ka taimaka ka haɗa ni da wakilin da ka yarda da shi.