Ana iya kulle tashar da ake kamawa da eriya?

Baban Hanifa, Anguwan Rogo:
Assalamu alaikum jama'a. Makon jiya na sayo sabuwar talabijin a wajen kasuwar Terminus a nan Jos. Mai shagon ya ce min da dikodarta a ciki, eriya kawai zan ɗaura. Na sa yaro ya hau kwano ya ɗaure ta a jikin gora, muka sa ta neman tashoshi. Sunaye suka jeru reras, har uwargida ta gyara zama. Amma yawancinsu da ka danna sai allo ya yi baƙi ƙirin, ga ɗan hoton kwaɗo a gefe. To ni abin da ya ɗaure min kai, abu yana yawo a iska, ya shigo har ɗakina, ta yaya wani zai hana ni kallonsa? A da ko wayar rataye kaya ka soka a bayan akwati kana kama NTA da PRTV, ko da hoton na yayyafi.

Mai Gyara na Dilimi:
Wa alaikumus salam Alhaji. Mai shagon bai yi ƙarya ba, rabin zancen ya faɗa maka. Talabijin ɗinka tana jin tsarin DVB-T2, wato watsa talabijin na dijital ta eriya, wanda Najeriya ke amfani da shi, shi ya sa ta kama. Sai dai dijital lambobi ne zalla. Kafin hoto da murya su bar turken watsawa ana iya yamutsa lambobin, sai mai makulli ne zai mayar da su daidai. Sunan tasha ba a yamutsa shi, shi ne ka ga sunaye babu hoto. Makullin kuwa sauyawa yake duk bayan 'yan daƙiƙoƙi, kuma shi ma ta iskar yake zuwa a rufe, dikodar da aka ba lambarta izini ce kawai ke buɗe shi. Haka GOtv da StarTimes ke yi da masu eriya. Don Allah kar wani ya karɓi kuɗinka ya ce zai fasa maka.

Malam Sabo, Rikkos:
Ƙarin bayani kan na injiniya. Ai a nan Jos aka fara gwajin komawa dijital, ranar 30 ga Afrilu 2016, lokacin Lai Mohammed yana ministan yaɗa labarai, Abuja ta biyo baya a Disamba. Tsarin da aka kira FreeTV ma da kwaɗonsa ya zo: a lokacin, dikoda naira 1,500 a farashin tallafi, sannan naira 1,000 duk shekara. Ni a ganina wannan ne ainihin abin muhawara. A kulle ƙwallon Ingila, na yarda, sayen ta suka yi da dala. Amma labarai da sanarwar gwamnati? Tsohuwar da ke Gangare ba ta da dalilin biyan ko sisi kafin ta ji ranar rigakafi.

Maman Walida:
Malam, ita tsohuwar rediyonta na nan a rataye. Mu dai yara suka dame mu da katun, dole ake biya.

Baban Hanifa, Anguwan Rogo:
Na gode ƙwarai. Ashe ba laifin gorar ba ne, har sau uku na sa yaron nan ya juya ta. Injiniya, ranar Asabar zan biyo ta Dilimi ka duba min wace dikoda ce za ta hau eriyar nan.