Zama a filin karaban (gidan tafi-da-gidanka) a Ingila: abin da waɗanda suka zauna suka ce

Shawarar da kusan kowa ya nanata ita ce ka fara tambayar wane lasisi filin yake da shi kafin ka ciro ko sisi. Akwai na hutu akwai na zama dindindin. Na hutu ya fi araha amma ba a yarda ka mai da shi gidanka ba, wasu ma rufewa suke na makonni lokacin hunturu, kuma za su ce ka kawo shaidar kana da wani adireshin, to ina amfanin arahar? Na dindindin shi wata doka ta 1983 (Mobile Homes Act) ta ba kariya, mai fili ba zai kore ka haka kawai ba sai ta kotu.

Sai kuɗi. Karaban ɗin naka ne amma ƙasar ta mai fili ce, kullum kana biyan haya, kuma ran da ka tashi sayarwa yana iya karɓar har kashi 10 cikin ɗari, wannan kam ni ya min zafi wallahi.

Sanyi kuma ba wasa, bango siriri, da asuba tagogi sun jiƙe sharkaf, famfo na daskarewa, tukunyar gas na ƙarewa kamar me. Wasu suka ce ka je ka kwana a Janairu tukuna kafin ka saya.