Neman shawara: rajistar maganin Baba ta tsaya a kan sirrin haɗi

Assalamu alaikum jama'a. Mahaifina ya fi shekara 30 yana haɗa maganin basir da na shawara a Zariya, gado ne daga kakanmu. Ni na matsa masa mu daina ƙullawa a leda, mu zuba a kwalba mu nemi lambar NAFDAC, irin wadda ake ba magungunan gargajiya mai harafin L a ƙarshe. Na yi wa sana'ar rajista a CAC, hukumar rajistar kamfanoni, na gyara ɗakin da ake daka da tankaɗe, an sa tayil da raga a taga.

Inda muka maƙale shi ne dole a rubuta sunan kowane itace da ke cikin haɗin. Baba ya yarda a rubuta sabara da marke, amma akwai saiwa biyu da ya ce ko ni sai ya ga hankalina kafin ya faɗa min, balle takardar gwamnati. Ban ga laifinsa ba gaba ɗaya, abincinsa ke nan, kuma yana tsoron a kwaikwaya. Wata huɗu ke nan muna ja-in-ja.

Wanda ya taɓa bin wannan hanya, don Allah yaya kuka kare sirrinku? Akwai wata takarda da ke hana a fitar da bayanin?

Sannan lambar ta magani ce kawai. Shi Baban, da iliminsa na allo ne da gado, wace shaida zai nema a jiha, ko katin NANTMP, ƙungiyar masu maganin gargajiya ta ƙasa, ya wadatar?