Shin sauya kalmomi yana kawar da satar fasaha?

Ɗalibar Samaru: Assalamu alaikum. Ina rubuta kundin digirina, na ɗauko sakin layi daga wani littafi na sauya kalmominsa. Shin wannan ma satar fasaha ce?

Malami a Kongo: Wa alaikumus salam, 'yata. Sata ce matuƙar ba ki ambaci marubucin ba, domin tunanin nasa ne ko da kalmomin naki ne. Ki rubuta sunansa da shekarar bugu kamar yadda tsarin APA (wani tsarin ambaton marubuta a rubutun ilimi) ya tanada, ki ƙara lambar shafi idan kin kwafo maganarsa kai tsaye.

Ɗan Tudun Wada: 'Yar'uwa, ni nakan rufe littafin in rubuta abin da na fahimta, in sa sunan marubucin nan take kafin in manta.

Ɗalibar Samaru: Malam, abin da na fassara daga Turanci fa?

Malami a Kongo: Shi ma wajibi ne ki ambaci mai shi.