Neman shawara: in sa bawul na titaniyom a injin Honda K24?

Mai tambaya:
Assalamu alaikum manyanmu. Ina da Civic da na ɗora wa injin K24, na kuma canza kamshaf zuwa mai buɗe bawul sosai. Yanzu in na take totur, allura na haura juyi 7,500 a minti sai ƙarfi ya yanke, in ji ƙara a tof silinda. Bakanikena ya ce sifirin ne ya kasa dawo da bawul a kan lokaci. Na ga ana sayar da bawul na titaniyom daga Amurka, amma akwai tsada. In saya, ko da abin da ya kamata in fara yi? Ita nake hawa kullum, sai ƙarshen mako nake kai ta fili.

Injiniya:
Wa alaikumus salam. Ƙanena, don Allah ka daina kai allura can sai an gyara. A injin K, inda bawul ke sauka nan fistan ke hawowa. In bawul ya makara fistan zai buge shi, daga nan sai sauke inji.

Kamshaf rabin juyin kiranshaf yake yi, wato a juyi 7,200 a minti kowane bawul na buɗewa ya rufe sau 60 a daƙiƙa ɗaya. Kuma ƙarfin da sifirin ke buƙata don ya riƙe shi ba daidai da gudu yake ƙaruwa ba: daga 6,000 zuwa 8,500 ninkawa yake yi. Shi ya sa masu tsere ke bin kowane giram. Titaniyom ya fi ƙarfe rashin nauyi da kusan kashi 40 cikin ɗari, kuma Chevrolet sun sa shi a bawul ɗin shan iska na injin LS7 na Corvette Z06 ta 2006, na salansa kuma suka yi masu rami a ciki da sodiyom don kwashe zafi. Amma wancan inji manyan bawul biyu gare shi a kowace silinda, ga sandunan tura roka. Naka huɗu ne ƙanana, dama ba su da nauyi. Honda S2000 ta 1999 tana kai 9,000 ba tare da bawul na titaniyom ba. Ni dai ban ga dalilin da zai sa ka fara da su ba.

Oga mai gyaran tof:
Injiniya ya yi gaskiya. Titaniyom ba a jefa shi a tof haka kawai. Yana son mazauni mai laushi irin na tagulla da beriliyom, wanda ƙurarsa guba ce ga mai yankan. Akwai kuma rufi a jikin bawul ɗin, in yaron gareji ya goge shi da man guga kamar yadda muka saba, ya kashe shi. Ga ƙurar hunturu da ke shiga inji.

Yarona, ka canza kam ka bar tsohon sifirin, nan matsalar take. Nemi sifirin da masu kam ɗin suka ce a haɗa da shi, da hularsa mara nauyi, wato abin da ke riƙe kan sifirin a jikin bawul. In ka samu mai tsukakken kai, mai siffar amyar zuma, ya fi, don hularsa ƙarama ce kuma saman da ke motsi ya ragu. Sannan a auna, kada a yi da ka. In bawul ya buɗe iya buɗewa, ya zama da sauran kamar milimita 1.5 kafin zoben sifirin su haɗe. A kuma sa laka a kan fistan a juya inji da hannu a ga tazararsa da bawul.

Wani ɗan uwa:
Ƙari kaɗan, Oga. Hular titaniyom sifirin na cinye ta a hankali, sai an riƙa buɗewa ana dubawa. Motar hawa kullum gara siririyar hula ta ƙarfe mai ƙwari. Kada kuma a sa sifirin da ya wuce kima, yana cin hancin kam ya gajiyar da tenshina, wato abin da ke ɗaure sarƙar da ke juya kam.

Injiniya:
Akwai kuma ƙasan injin. Tafiyar fistan a K24 milimita 99 ce, a K20 kuwa 86, don haka K24 ya fi shan wahala in juyi ya yi sama. Famfon baƙin mansa ma ba ya son dogon juyi, shi ya sa ake musanya shi da na K20. Ka kuma sa a duba birenbos, wato kwamfutar motar, wataƙila shi ke yanke mai a nan.

Mai tambaya:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Na fasa sayen bawul ɗin. Oga, kafin sifirin ya iso sai an cire tof?

Oga mai gyaran tof:
A fara gwada kamfireshan na silinda huɗun. In ɗaya ta yi ƙasa, mai yiwuwa bawul ya riga ya lanƙwashe, sai a cire. In sun yi daidai, bar shi. Turo min takardar da ta zo da kam ɗin in ga yawan buɗewarsa.