Neman shawara: Murray ko MacGregor za mu rubuta wa jaririn?

Mai jego: Assalamu alaikum. Admin don Allah a ɓoye sunana. Karatu ya kawo ni Glasgow, a Scotland, shekara shida da suka wuce, na auri Baturen nan da ya musulunta. Baba sai da ya yi wata huɗu ba ya ɗaga wayata, amma wannan ya wuce. Yau kwanana goma sha biyu da haihuwa, kuma a nan cikin kwana 21 ake rajistar jariri. Sunan gidan mijina Murray, shi kuwa ya kafe sai a rubuta MacGregor. Wai kakarsa ta ce asalinsu ke nan: a 1603, bayan yaƙin Glen Fruin, Sarki James na shida ya haramta sunan, wanda ya ci gaba da amsa shi kisa ne, sai kakanninsu suka fake da Murray. Surukata ta ce in muka canza kada mu sake taka mata gida. Ko barci ba na yi.

Kawu na Aberdeen: Wa alaikumus salam. 'Yata, tarihin gaskiya ne. Mac ɗin nan "ɗan" yake nufi, kamar mu ce Ɗan Fodiyo, wato ɗan Gregor. Ko Rob Roy, shahararren ɗan gidan MacGregor, da sunan Campbell ya riƙa amfani, sunan gidan mahaifiyarsa. An ɗage dokar a 1661, aka maido ta a 1693, sai 1774 aka soke ta gaba ɗaya. Tambayata: daga 1774 zuwa yau me ya hana su komawa? Suratul Ahzab ta ce a kira su da sunan ubanninsu. Uban yaro Murray ne. Magana ta ƙare.

Maman Biyu: Ke dai kin ji daɗi ana tambayar ki. Ni dangin mijina suka raɗa wa 'yata sunan kishiyar uwarsa, a waya na ji.

Mai jego: Kawu, ai mijina ba ƙarya yake ba, har kuka ya yi da yana ba ni labarin. Ni na ce masa na yarda tun ina da ciki.

Anti Likita: Ku shiga ScotlandsPeople, shafin intanet na gwamnati na binciken asalin dangi, ku bincika. Rajistar gwamnati daga 1855 ta fara, kafin nan sai littattafan coci. Kafin ku gano, ku sa MacGregor a tsakiya, kowa ya huta.

Kawu na Aberdeen: A tsakiya ma ban yarda ba. Murray suna ne mai zaman kansa, daga yankin Moray ya samo asali, masu shi da yawa ba su haɗa komai da MacGregor ba. Zancen kaka ba hujja ba ne. Mu ma kowane gida ka shiga sai a ce maka daga Gabas suka zo.

Mai jego: Ba ku san surukata ba ne shi ya sa. Kuma ni ban nemi a yi wa mijina shari'a ba. Saura kwana tara.

Maman Biyu: Wai Babanki ya san da wannan maganar kuwa?