Taron jin ra'ayin jama'a: in sake zuwa ko in haƙura?

Uwar Biyu:
Assalamu alaikum. Hukuma ta kira mu taro kan inda za a kafa sabuwar tashar mota. Aka sa shi ranar aiki da hantsi, lokacin da kowa yake wajen nema, amma na nemi izini na je. Da shigata na tarar an manna taswira a bango, an zagaye wurin da jan biro, har ranar fara aiki an rubuta. Jami'ai suka cinye lokaci da jawabi, sannan aka ba mu dama. Na ce yara suna tsallaka titin nan zuwa makaranta, a duba wani wurin ko a yi musu gada. Wani ya gyaɗa kai ya rubuta. Tun daga nan shiru kake ji. Yanzu an sake kiran taro, ni kuwa gwiwata ta yi sanyi. Zuwan yana da amfani? Ta yaya mutum zai gane taron da za a yi aiki da maganarsa?

Tsohon Ma'aikaci:
Wa alaikumussalam, Malama. Wannan sanarwa aka yi muku. Shawara kafin yanke hukunci ake neman ta. Na yi aikin gwamnati, na san sau da yawa takardar sa hannun mahalarta kawai ake buƙata don a cika fayil.

Yarjejeniyar Aarhus ta 1998, wata yarjejeniyar ƙasa da ƙasa da ta shafi muhalli, ta fayyace ma'aunin da nake amfani da shi: a kira jama'a tun ba a rufe ƙofar kowane zaɓi ba, a yi la'akari da abin da suka faɗa, sannan a bayyana hukuncin tare da dalilansa. Na ƙarshen nan ya fi damuna. Ba dole a bi ra'ayinki ba, domin ra'ayoyi suna karo da juna, amma dole a gaya miki me ya sa ba a bi ba. A Afirka ta Kudu, a 2006, kotun tsarin mulki ta ce dokoki biyu na kiwon lafiya ba su inganta ba saboda majalisa ba ta bai wa jama'a isasshiyar damar sa baki ba. Kin ga haƙƙi ne, har kotu tana tsaya masa.

Mai Bibiyar Kasafi:
Baba ya yi gaskiya, sai dai ni ina ganin matuƙar ba a bar kuɗi a hannun jama'a ba, magana za ta ci gaba da bin iska. A birnin Porto Alegre na Brazil, daga 1989, an raba gari yanki-yanki. Mazauna kowane yanki su zauna su jera buƙatunsu, ruwa ne, magudana ce ko titi, su zaɓi wakilan da za su bi maganar har cikin kasafi. Abin da ya fi burge ni, a farkon kowane zagaye hukuma ce take tsayawa ta ba da bayanin alkawuran bara, wanne aka cika, wanne ya maƙale. Talaka ya ga an ja ruwa zuwa layinsu saboda ya ɗaga hannu, baɗi ba sai an roƙe shi ya zo ba. Birnin Paris ma ya ɗauki irin tsarin a 2014.

Uwar Biyu:
Na gode. To mu da ba mu da irin wannan tsari fa?

Tsohon Ma'aikaci:
Ki je, amma kada ki je ke kaɗai, kuma kada ki tsaya ga maganar baki. Ku haɗu da iyayen yaran ku rubuta buƙatarku a takarda ɗaya, ku miƙa, a buga muku hatimin karɓa a kwafinku. Da an buɗe taro ki tambaya: me aka riga aka yanke, me ya rage? Ku nemi rubutaccen bayanin taron baya. Idan ƙasarku tana da dokar samun bayanai, ku yi aiki da ita. Ta Najeriya ta 2011 ta bai wa hukuma kwana 7 ta amsa, ta Indiya ta 2005 kwana 30. Ku kuma roƙi a mayar da zaman yamma ko ranar hutu, don iyayen da ke aiki su samu halarta.